Me ya sa barkwanci kan mai kisan ɗauki ɗai-ɗai yake raba kan 'yan kallo?

Tambaya: Ni ɗalibin koyon shirya fim ne. Na kalli wasu ƙananan finafinan barkwanci na Birtaniya waɗanda jaruminsu mai kashe mutane ne ɗaya bayan ɗaya, irin su Sightseers da Prevenge. Masu sharhi a jaridu suna yabonsu, amma in ka duba ra'ayin 'yan kallo sai ka ga wannan ya ba da maki goma, wancan ya ba da ɗaya, wani ma ya ce bai iya kai ƙarshe ba. Me ke kawo wannan rabuwar kai? Kuma masu shirya fim suna iya hango ta kafin fim ya fita?

Amsa: Suna iya hango mafi yawanta, ɗan'uwa, wata ma su ne ke jawo ta da gangan. Dariya a kan kisa ba ta zuwa haka kawai, sai an gyara mata wuri. Abubuwan da ake gyarawa kuma sanannu ne: wa aka kashe, me ya yi kafin a kashe shi, daga wane nisa kyamara ta nuna abin, wane sauti kunne ya ji, sakan nawa aka bari kafin wani ya buɗe baki, mutum nawa ne a ɗakin kallon, da abin da fosta ta yi wa mai kallo alkawari kafin ya zauna. Guda ɗaya ya goce, fitowar da ta sa wancan ya riƙe ciki don dariya ita za ta sa wannan ya tashi ya fita. Zan faɗi yadda wasu finafinan suka ƙare, wanda bai kalla ba sai ya sani.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam biyu, Peter McGraw da Caleb Warren, sun fitar da wani bayani a 2010 da ya dace da wannan. Suka ce abu yana ba da dariya ne idan mutum ya ga an keta wata ƙa'ida, kuma a daidai wannan lokacin zuciyarsa ta ba shi cewa ketawar ba ta cutar da kowa ba. In ba a keta komai ba, babu abin dariya. In ketawar ta yi nauyi, sai tsoro ko ƙyama su maye gurbin. To babu ƙa'idar da ta kai ran ɗan Adam girma, saboda haka aikin darakta gaba ɗaya ya koma neman abin da zai sa mai kallo ya yarda cewa wannan kisan na wasa ne. Ma'aunin kowa kuwa daban ne. Wanda aka yi wa rasuwa a watan jiya ba zai auna daidai da matashin da ya girma da finafinan tsoro ba, kuma wanda bai yi dariya ba ba wai ya kasa fahimta ba ne.

Turawan Ingila sun daɗe da sanin yadda ake sanyaya kisa a fim. A 1949 kamfanin Ealing ya fitar da Kind Hearts and Coronets na Robert Hamer. Jarumin, Louis, dangin mahaifiyarsa masu sarauta ne da suka yi watsi da ita don ta auri mawaƙi ɗan Italiya, sai ya ƙuduri kawar da mutum takwas da ke gabansa a layin gado. Shida ya kashe da kansa, biyu suka mutu ba da hannunsa ba. Dabarar ita ce dukansu takwas, har da mace, ɗan wasa ɗaya ne ya fito a matsayinsu, wato Alec Guinness. Mai kallo ya san fuskar da ta mutu yanzu za ta dawo bayan 'yan mintuna cikin wata rigar, don haka ba ya jin an yi rashi. Babu jini. An harbo wata daga balan-balan da kibiya, an tarwatsa wani da bam da aka ɓoye a cikin kwalbar abinci, kuma muryar Louis tana ba da labarin cikin ladabi da natsuwa. Duk da haka, da fim ɗin ya je Amurka sai da aka ƙara 'yan sakanni a ƙarshensa da ke nuna an gano littafin da ya rubuta laifukansa a ciki, domin dokar tace finafinai ta can a lokacin ba ta yarda mai laifi ya tsira ba.

Ƙananan finafinan zamani sun ajiye wannan garkuwar. Ɗauki Sightseers na 2012, wanda Ben Wheatley ya ba da umarni, Alice Lowe da Steve Oram suka rubuta kuma suka fito a matsayin Tina da Chris. Masoya ne biyu marasa galihu da suka tafi hutu da ɗakin kwana irin wanda ake ja da mota, suna zaga wuraren yawon buɗe ido na gaske: gidan tarihin taragon cikin gari a Crich, gidan tarihin fensir a Keswick, gadar jirgin ƙasa ta Ribblehead. Abin da ya kamata ka nazarta shi ne jerin waɗanda aka kashe, domin a nan amsar tambayarka take.

Na farko wani mutum ne da ya yar da takardar askirim a cikin tsohon tarago, aka ce ya ɗauke ya ƙi, ya kuma yi wa Chris daƙuwa. Chris ya take shi yana baya da mota, abin ya yi kama da hatsari, sai kyamara ta kama ɗan murmushi a fuskarsa. Nan ɗakin kallo kan fashe da dariya kusan gaba ɗaya, don kowa ya taɓa haɗuwa da irin wannan marar kunyar. Na biyu marubuci ne mai ji da kai wanda ɗakin kwanansa ya fi na Chris kyau. Laifinsa ya ragu, girman kai ne kawai. Na uku wani mai tattaki ne, ɗan manyan gida, da ya umarci Tina ta kwashe kashin kare. Chris ya farfasa masa kai, kuma wannan karon an nuna fuskar bayan duka. Nan ne ɗakin ke fara rabuwa. Chris ya kare kansa da cewa ai mutumin ba mutum ba ne, mai karanta Daily Mail ne, wata jarida ta masu ra'ayin mazan jiya. Wasu suna dariyar wannan maganar, wasu kuwa idonsu bai bar fuskar da aka nuna musu ba. Daga nan Tina ta karɓi aikin. Ta kashe wata amarya da ta sumbaci Chris a wurin shagalin ƙawaye, ta banke mai keke a kan titi da bai yi mata komai ba, ta kuma tura wani bawan Allah mai sanyin hali daga kan dutse, shi kaɗai ne abokin da Chris ya yi a tafiyar.

Ka ga an bi mataki-mataki an janye wa mai kallo uzurinsa. Dolf Zillmann, wanda ya daɗe yana nazarin yadda mutane ke jin daɗin wasan kwaikwayo, ya nuna cewa muna murna da masifar da ta faɗa wa wanda muka ƙi, muna kuma ƙin wadda ta faɗa wa wanda muke so. Fim ɗin ya yi amfani da wannan a rabin farko don ya sa ka dariya, sannan a rabi na biyu ya juya shi a kanka, ya bar ka da tambayar me ya ba ka dariya tun farko. Mai sharhi da ya kalli ɗaruruwan finafinai a shekara yana ganin wannan a matsayin gwaninta. Wanda ya sayi tikiti don ya ga marasa kunya sun sha kashi yana jin an yaudare shi, shi ya sa ƙorafin da ya fi yawa a kan irin wannan fim shi ne farkonsa ya yi daɗi, ƙarshensa ya lalace. A ganina masu sharhi sun yi gaskiya game da ginin labarin, amma su ma 'yan kallon akwai abin da suka hango. Labarin mai kisa yana da ciwon maimaici: a tafi, a haɗu da mutum, a kashe shi, a sake tafiya. Daga kisa na uku mai kallo ya gane tsarin, kuma abin da aka riga aka sani ba ya ba da dariya. Sightseers ya tsira ne don ya sauya mai kisan a tsakiya, ya mayar da rikicin ya zama na masoya biyu, har a ƙarshe suka yi alkawarin faɗowa tare daga kan gada Tina ta saki hannunsa ya faɗa shi kaɗai. Finafinai da yawa na wannan layi ba su da irin wannan juyin, kuma daga kusan minti na 45 suke rasa ɗakin.

Prevenge na 2016 ya ƙara wani abu a kan haka. Alice Lowe ce ta rubuta, ta ba da umarni, ta kuma fito a ciki tana ɗauke da tsohon ciki na gaske, aka ɗauke shi cikin kwana 11 a Cardiff. Ruth mace ce da mijinta ya mutu a wurin hawan dutse bayan an yanke igiyarsa don sauran su tsira, tana kuma jin muryar jaririyar da ke cikinta tana umartarta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Tsarin jerin iri ɗaya ne, an fara da maza biyu masu ƙazamin baki, aka gangaro har kan mutumin kirki da ba shi da hannu. Sai dai rabuwar kai a nan ta fi ta'allaƙa da cikin. Akwai masu kallon da suka gane abin da ake nufi, yadda kowa ke yi wa mai ciki magana kamar jikinta ya daina zama nata. Akwai kuma waɗanda ganin wuƙa a hannun mai ciki kaɗai ya isa ya rufe musu ƙofar dariya, komai kyawun rubutun.

Yanzu batun kuɗi, wanda yawancin masu sharhi ke tsallakewa. Shafi ɗaya na rubutun fim yana ba da kusan minti ɗaya a allo. Fim mai minti 88 cikin kwana 11 yana nufin shafi takwas a rana, alhali babban kamfani kan ɗauki shafi biyu zuwa uku. Fim ɗin Wheatley na farko, Down Terrace na 2009, kwana takwas aka yi ana ɗaukarsa. Jini kuwa shi ne abu mafi cin lokaci a wurin ɗauka. Duk ɗauka ɗaya da aka zubar da jinin roba, sai an wanke ɗan wasa, an sauya masa kaya, an goge ƙasa da bango, an sake ɗaura bututun, abin da kan ci rabin awa ko fiye. In riga uku iri ɗaya ka saya, ɗauka uku gare ka, ba ƙari. Saboda haka darakta mai ƙaramin kuɗi yana da hanya uku: ya yi kisan a bayan kyamara ya nuna abin da ya biyo baya, ko ya ɗauke shi daga nesa a ɗauka guda, ko ya tara kuɗin ya ƙera kan mutum na roba guda ɗaya mai kyau ya nuna shi sau ɗaya a duk fim ɗin. Hanyoyi biyun farko suna taimakon dariya, don daga nesa mutum yana zama ɗan ƙaramin abu a fili, ba a ganin idonsa. Matso da kyamara kusa da fuskar mai jin zafi kuwa yana kashe dariya nan take.

Amma rashin kuɗin yana kuma ja ta ɗaya ɓangaren. Babu fitilu da yawa, sai hasken rana. Kyamara a kafaɗa. Gidaje da tituna na gaske, 'yan wasan da ba a san fuskokinsu ba. Duk wannan yana sa fim ya yi kama da rahoton talabijin, wato yana ƙara wa kisan kamannin gaskiya a daidai lokacin da ake so ya zama wasa. Tony na 2009, fim ɗin Gerard Johnson, misali ne mai kyau. Peter Ferdinando ya fito a matsayin wani marar aikin yi a unguwar Dalston ta gabashin Landan, yana zaune shi kaɗai da tsofaffin kaset-kaset na finafinan faɗa, yana kashe waɗanda suka shigo ɗakinsa, har da jami'in da ya zo binciken lasisin talabijin. Barkwancin yana cikin rashin iya hulɗarsa da mutane, amma hoton ya yi kama da gaske ƙwarai, har za ka sami masu kallo biyu da ba su ma yarda da juna a kan ko fim ɗin barkwanci ne ba.

Sauti ya fi hoto ƙarfi a nan, kuma ya fi araha. Duka ɗaya, in aka sa masa busasshen sauti gajere, kamar an buga katako, yana karkata zuwa wasa. In aka sa masa sautin danshi da karyewar ƙashi da numfashin wanda ake duka, ya koma fim ɗin tsoro ko da hoton bai sauya ba. Kururuwar wanda ake kashewa in ta wuce sakan biyu ko uku, da wuya dariya ta biyo baya. Sai kuma yanka. Fim yana tafiya da hotuna 24 a kowane sakan, kuma edita kan ga bambanci idan ya rage ko ya ƙara hotuna shida zuwa goma sha biyu tsakanin duka da maganar da ta biyo. In maganar ta zo da wuri, firgici bai saki mai kallo ba, ba zai ma ji ta ba. In ta makara, ya riga ya fara tausayin mamacin. Abin da ya fi aiki shi ne a yanka zuwa wani ƙaramin al'amari na yau da kullum, a ce mai kisan ya koma damuwa da tabon da ke rigarsa ko shayin da ya huce. Kashi mai yawa na barkwancin Ingila a kan wannan ya ginu, mutum ya aikata babban abu amma hankalinsa yana kan ladabin zaman tebur.

Wurin kallo shi ma yana sauya fim ɗin. Robert Provine, masanin da ya yi shekaru yana ƙirga dariyar mutane, ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan sau 30 idan yana cikin jama'a a kan idan yana shi kaɗai. A fim ɗin kisa abin ya fi haka tsanani, domin ba mai son ya zama na farko da zai yi dariyar mutuwa. Sai wani ya fara, sauran su sami izini. Waɗannan finafinan kuwa a bukukuwan baje kolin finafinai suke fara fita. Sightseers a bikin Cannes na Faransa aka fara nuna shi, Prevenge a na Venice a Italiya, wasu da dama kuma a FrightFest, bikin finafinan tsoro da ake yi a Landan a ƙarshen watan Agusta tun shekarar 2000. Ɗaki cike da mutanen da suka san abin da suka zo gani, dariya tana tashi tun daga kisan farko. Ka kai wannan fim ɗin silimar gari ranar Talata da rana, mutum goma sha biyu a warwatse, sai ka ji tsit. Ka kai shi waya a ɗaki, abin ya ƙara lalacewa. Akwai ma wata illa ta fasaha: edita yana barin gurbi na sakan ɗaya zuwa uku bayan magana mai ban dariya don kada dariyar ɗaki ta danne magana ta gaba. A cikakken ɗaki dariya ce ke cike gurbin. A gida kuwa shiru ne, sai mai kallo ya rubuta cewa fim ɗin yana jan ƙafa. Masu sharhi da yawa a biki suka gani, masu ba da maki a intanet mafi yawansu a gida suka gani, kusan a ce ba fim ɗaya suka kalla ba.

Talla tana ƙara dagula lissafi. A Birtaniya fim kan fita ranar Juma'a, ranar Litinin gidajen silima su duba cinikin ƙarshen mako su yanke wanda zai ci gaba, kuma su ne ke riƙe fiye da rabin kuɗin tikiti. Ƙaramin fim kwana uku gare shi ya nuna kansa. Don haka kamfanin da ke rarraba fim ɗin yakan kwashe maganganun dariya duka ya zuba a tirela, wato gajeren bidiyon tallan fim, ya ɓoye duhun. Ya cika ɗaki a makon farko da mutanen da ba su ne masu fim ɗin ba, su kuma su rama da maki ɗaya. Fuskar ɗan wasa ma alkawari ce. A Keeping Mum na 2005 akwai Rowan Atkinson, wanda duniya ta sani da Mr Bean, amma a nan limamin coci ne mai sanyi, mai kisan kuwa tsohuwar mai aikin gida ce da Maggie Smith ta fito a matsayinta. Wanda ya zo don Mr Bean ba zai sami abin da ya zo nema ba. Wani lokaci kuma dabarar fim tana ɗaure da na'urar zamaninta. The Last Horror Movie na 2003 an gina shi ne a kan cewa mai kisan ya goge wani kaset na haya ya naɗi nasa a kai, yana kuma bin waɗanda suka karɓi hayar. Wanda ya ɗauko shi daga shagon haya ya ji tsoron a jikinsa. Wanda ya kalla ta intanet a yau labarin dabarar kawai yake ji.

Akwai iyakar da 'yan kallon Birtaniya ba sa yafewa, ita ce kusantar kisan gaske da mutane ke tunawa. Ƙasar tana da raunukan da ba su warke ba: Ian Brady da Myra Hindley da suka kashe yara a shekarun 1960, Peter Sutcliffe da aka samu da laifin kashe mata 13 a 1981, Dennis Nilsen da aka kama a 1983, Fred da Rose West na Gloucester, da likita Harold Shipman da aka ɗaure a 2000. A 1997, da aka rataye wani babban zanen fuskar Hindley a baje kolin zane-zane na cibiyar Royal Academy a Landan, sai da masu zanga-zanga suka watsa masa tawada da ƙwai. Shi ya sa masu barkwanci ke ƙirƙirar nasu mai kisan, kuma da wuya su taɓa yara. The Young Poisoner's Handbook na 1995 ya ɗauko labarin gaske na Graham Young, wanda aka tsare a Broadmoor, asibitin tsare masu taɓin hankali, yana ɗan shekara 14 saboda sa wa danginsa guba, aka sake shi a 1971, ya kashe abokan aikinsa biyu, aka ɗaure shi a 1972. Fim ɗin ya fito bayan shekara 23 da hukuncin, Young ya riga ya mutu a kurkuku. Nisan zamani kaɗai kuma ba ya wadatarwa. Burke and Hare na 2010 ya ɗauko mutum biyun da suka kashe mutane 16 a Edinburgh a 1828 suna sayar da gawarwakin ga likita mai koyar da fiɗa. Kuɗi sun fi yawa, ga sanannun 'yan wasa, amma an tausasa masu kisan da labarin soyayya har ketawar ta rasa nauyi, masu sharhi kuma ba su karɓe shi ba.

Dabba kuma a yi hattara da ita. 'Yan kallon can sukan yafe gawar mutum biyar su ƙi yafe ta kare ɗaya. Karen da ke Sightseers ya tsira har ƙarshe, ya ma ci kyautar Palm Dog da ake ba karen da ya fi burgewa a finafinan bikin Cannes.

Hukumar tace finafinai ta Birtaniya, BBFC, tana da hannu a wanda zai shiga ɗakin. A matakin shekara 15, wato fim ɗin da ba a barin wanda bai kai wannan shekarun ba ya shiga kallonsa, ta yarda da tashin hankali mai ƙarfi muddin ba a tsaya ana jan azaba ko rauni ba, kuma tana la'akari da ko cikin raha aka yi abin. Abin da ya wuce nan sai matakin 18. Sightseers da Prevenge duka 15 suka samu. Furodusa yana son 15 don kasuwa ta fi faɗi, amma lambar tana sa wasu su zaci abin mai sauƙi ne, su shiga ba shiri.

Ga mai kallo Bahaushe akwai ƙarin shinge biyu. Na farko, kaso mai yawa na wannan barkwanci a kan bambancin aji yake. Ɗan Ingila yana jin karin harshen Chris da Tina ya san 'yan yankin Birmingham ne masu ƙaramin ƙarfi, yana jin na mai tattakin ya san ya yi makarantar kuɗi, ya kuma san irin mutanen da ake danganta wa Daily Mail. Rubutun fassara a ƙasan allo ba ya ɗauko ko ɗaya daga cikin wannan, sai ya rage maka mutum ya kashe mutum a kan kashin kare. Na biyu, mu mun tashi a inda ake girmama gawa, ba a wasa da mamaci. Wanda wannan ya hana shi dariya, ma'auninsa ne ya yi aiki yadda aka gina shi.

In za ka karanta maki a intanet, ka san abin da kowace lamba ke aunawa. Kason masu sharhi a Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin finafinai, yana ƙirga mutum nawa ne suka ce fim ya yi, ba ya auna yawan son da suka yi masa. Na 'yan kallo kuwa yana ƙirga waɗanda suka ba da tauraro uku da rabi zuwa sama. Matsakaicin maki a IMDb, shafin da 'yan kallo ke ba da maki ɗaya zuwa goma, yana ɓoye rabuwa, fim mai maki 6 yana iya zama wanda kowa ya ce ba laifi, yana kuma iya zama wanda wasu suka so ƙwarai wasu suka tsana. Buɗe jadawalin da ke nuna yadda makin ya rarrabu. Sannan ka karanta ƙorafin masu matsakaicin maki, sun fi masu ɗaya da masu goma bayani.

Hanyar hango duk wannan kafin fim ya fita ita ce gwajin kallo, kuma ƙaramin fim ma yana iya yi. Tara mutum 80 zuwa 150 a ɗaki ɗaya, don ƙasa da haka dariya ba ta kamawa. Kada a sa 'yan wasa, ma'aikata ko danginsu, su dariyar zumunci suke yi. A faɗa wa mahalarta layi ɗaya kawai game da fim ɗin, daidai wanda za a sa a fosta, domin shi ma ana gwada shi. Ajiye na'urar naɗar sauti tana fuskantar jama'a, a fara ta tare da fim ɗin, daga baya edita ya ɗora sautin a kan hoton ya ga daidai sakan da kowane abu ya faru. Mutum biyu su zauna a baya suna rubuta lokacin da wani ya fita, ko ya duba waya, ko tari da motsin kujera suka yawaita. A bambanta dariyar daɗi, wadda ke tashi tare ta ɗauki lokaci, da dariyar firgici, wadda gajera ce kuma shiru ke binta. Dukansu suna da amfani, amma in ta biyun ce kaɗai ake samu, fim ɗin tsoro ka yi. Bayan an gama a raba takarda mai matakai biyar daga madalla zuwa bai yi ba, da tambayar ko za ka ce wa abokinka ya kalla, da wacce fitowa ce ta fi damunka, da kuma a ina ka daina goyon bayan jarumin. A riƙe mutum 15 zuwa 20 a tattauna da su, darakta ya zauna a baya ya yi shiru.

Wajen fassara sakamakon ne aka fi kuskure. In mutane sun fita a kisan farko, matsalar talla ce, waɗanda aka gayyato ba su ne masu fim ɗin ba, a gyara fosta a bar fim. In ba a yi dariya ba a minti goman farko, a matso da wata fitowa mai ban dariya marar jini gaba, don ɗakin ya san an halatta masa. In shiru ya biyo bayan kisa ɗaya tak, a fara da sauti: a rage danshin, a gajarta kururuwar, a sake gwadawa kafin a taɓa hoton. In motsin kujera ya yawaita a tsakiya, maimaici ne, yawanci kisa ɗaya ya yi yawa kuma cire shi gaba ɗaya ya fi a rage kowanne kaɗan-kaɗan. In kuwa amsar a ina ka daina goyon bayan jarumin ta taru a daidai wurin da marubuci ya nufa, to fim ɗin yana aikinsa, ko da makin takardar ya sauka. Furodusoshi da yawa a nan suke firgita, su ƙara wa wanda aka kashe wani laifi don a ji ya cancanta, ko su ba mai kisan tarihin ƙunci don a tausaya masa. Makin gwaji na biyu yakan ɗan tashi, amma waɗanda suka ba da madalla a karon farko, su ne da za su yi wa fim ɗin talla da bakinsu, sukan sauko zuwa ba laifi.